Kurege: Haƙori, Rami da Gonar Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa noma gyaɗa ya san aikin kurege, ko da bai taɓa yin ido biyu da shi ba. A yi shuka yau, jibi a zaga gona a tarar da ƙananan ramuka a jere bisa kunya, kowanne daidai gurbin da aka jefa iri, irin kuwa ya yi ɓatan dabo. Da kaka kuma sai a riƙa tsintar ɓawon gyaɗa a fashe a gindin suri, ko a ƙarƙashin wata sarƙaƙiya ta bakin gona. Mai gona ya girgiza kai ya ce, "Wannan ɗan banza, wayo gare shi." Tatsuniyoyinmu ma matsayin da suka ba shi ke nan: ɗan ƙaramin da yake juya kura yadda ya ga dama.

Amma in aka zauna aka lura da shi, abin da muke kira wayo ɗabi'u ne 'yan kaɗan da ba ya saɓa musu. Lokacin fitarsa sananne ne, makwancinsa sananne ne, abin da yake tsoro ma haka. Manomin da ya san waɗannan ya fi ƙarfinsa. Bari mu fara da bakinsa, domin a nan ne asalinsa yake.

Haƙoran da ba sa daina tsiro

Masana dabbobi sun sa kurege a zuriya ɗaya da ɓera da burgu da beguwa. Abin da ya haɗa su ba girma ba ne, ba kuma kama ba, haƙoran gaba ne. Kowannensu yana da guda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma waɗannan haƙora ba sa daina tsiro tun daga haihuwa har mutuwa. Wannan zuriya ta masu gwaguya ita ce mafi yawa a cikin dabbobi masu shayarwa: kusan kashi 40 cikin 100 na ire-irensu daga cikinta suke.

Idan kun taɓa riƙe kuregen da aka kama, kun ga fuskar haƙoran nan ba fara ba ce, ta yi rawaya-rawaya zuwa ruwan goro. Ba datti ba ne. Wannan fuska ta gaba ita ce mai tauri ƙwarai, ta baya kuwa ta fi laushi. Duk sa'ad da ya gwaguyi abu, ko na sama suka gogi na ƙasa, bayan haƙorin ya fi saurin cinyewa, sai bakin ya fito da kaifi. Wato yana ci yana wasa makaminsa. Shi ya sa ƙwallon da ɗan Adam sai ya nemi dutse kafin ya fasa, kurege yakan riƙe shi da ƙafafun gaba, ya yi ta juya shi har ya huda.

Akwai kuma haɗari a cikin wannan baiwa. In haƙori ɗaya ya karye, ko muƙamuƙi ya goce, abokin gugarsa ba shi da abin da zai rage masa tsawo. Sai ya yi ta tsiro yana lanƙwashewa har ya hana dabbar cin abinci. Saboda haka gwaguya dole ce a gare shi, ko da yunwa ko babu.

Mutane da yawa suna ɗaukar zomo da bushiya da jaɓa a matsayin 'yan wannan gida. Ba haka ba ne. Zomo yana da wasu ƙananan haƙora biyu a ɓoye a bayan manyan na sama, don haka zuriyarsa daban. Bushiya da jaɓa kuwa maciya ƙwari ne, haƙoransu ƙanana ne masu tsini.

Kuregen ƙasarmu

Ire-iren kurege a duniya sun haura 270. Akwai masu zama a rami, akwai masu zama a kan itace, akwai kuma waɗanda suke shawagi daga wata bishiya zuwa wata. Wanda muka fi sani, mai tone mana shuka, na rami ne, kuma a littattafan masana sunansa Xerus erythropus. Yana nan tun daga Sanagal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Nijar da Nijeriya da Cadi da Sudan, har Habasha da Kenya. Ba ya son kurmi mai duhu. Fili yake so, mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da saura, da bakin gonaki. Ke nan duk inda muka sare daji muka yi gona, mun ƙara masa wurin zama ne.

Tsawon jikinsa, ban da wutsiya, yakan kama daga santimita 22 zuwa 29, wutsiyar kuma ta kusa kai haka. Nauyinsa rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya. Gashinsa gajere ne mai kaushi, launinsa na ƙasa, kuma sau da yawa yakan dace da ƙasar wurin da yake zaune: na jar ƙasa ya fi ja, na rairayi ya fi haske. A kowane gefe yana da farin zane ɗaya daga kafaɗa zuwa ƙugu, wanda da shi ake saurin gane shi. Kunnuwansa 'yan ƙanana ne, sun kusa manne wa kai, yadda ba za su dame shi a cikin rami ba. Faratansa dogaye ne masu ƙarfi, na tono, ba na hawa ba. Shi ya sa in an koro shi ba ya neman bishiya, ƙasa yake nema.

Idanunsa manya ne, kuma a gefen kai suke, don haka yana ganin gaba da gefe da wani sashe na bayansa ba tare da ya juya ba. Ku lura da tafiyarsa: ya yi 'yan tsalle-tsalle, ya tsaya cak, ya miƙe bisa ƙafafun baya ya duba, sa'an nan ya ci gaba. Yana tafe wutsiya na miƙe a bayansa. In ya tsaya ya ɗaga ta, in kuwa ya firgita sai ya baza gashinta ta yi buzu-buzu, ya yi wata 'yar ƙara a jejjere, ya zura da gudu. Duk kuregen da ke kusa ya ji wannan ƙara ya san abin da ake ciki.

Yininsa da raminsa

Kurege ba ya yawon dare. Wannan shi ne babban bambancinsa da ɓera da burgu da beguwa, kuma shi ne abin da ya fi kamata manomi ya riƙe. Sai gari ya waye sosai yake fitowa. Ya yi kiwo da hantsi, in rana ta take ya nemi inuwa ya shimfiɗa cikinsa a kan ƙasa mai sanyi don ya rage zafin jiki, ko ya koma rami. Da la'asar ya sake fitowa, kafin magariba ya shige. Saboda haka ɓarnar da aka yi wa gona cikin dare ba tasa ba ce, a nemi mai ita a wani wuri.

Ramin nasa ba shi da zurfi sosai. Ɗakin kwanan bai cika wuce mita ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma yakan shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Ya fi son haƙa shi a inda ƙasa ba za ta rufta ba: gindin itace tsakanin saiwoyi, ƙarƙashin duwatsu, ko tsohon suri. Abin sha'awar shi ne tsarin hanyoyin. Akwai babbar ƙofa wadda kowa yake gani. Ban da ita akwai wasu hanyoyi da yake haƙawa daga ciki su nufo sama, amma ya bar su ba a fasa ba, saura ɗan siririn ɓawon ƙasa. Daga waje ba a ganin komai. Ran da maciji ko tunku ya shigo ta ƙofa, ko yara suka zo da fartanya da kare, sai ya bi ɗaya daga cikinsu ya fasa da ka, ya ɓullo a bayan masu tono. Mafarauta da yawa sun sha wannan kunya. Da dare kuma yakan turo ƙasa ya toshe ƙofar daga ciki.

Kun san tatsuniyar kurege da bushiya, wadda ruwan sama ya dake ta ta roƙi mafaka, da ta ji ɗumi ta baza ƙayoyinta har mai gida ya bar mata ɗakin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ramin da kurege ya haƙa ba ya zama nasa shi kaɗai har abada. Wasu dabbobi sukan gaje shi, ciki har da macizai da kunamu. Don haka kada wanda ya zura hannu a ramin kurege, kome tabbacin da yake da shi cewa ya ga shigarsa. A ja wa yara kunne a kan wannan.

A wannan rami mace take haihuwa, bayan cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Takan haifi biyu zuwa shida, idanunsu a rufe, ba sa iya komai, kuma ita kaɗai take renonsu. Namiji ba ruwansa da reno, yawonsa yake yi daga wannan yanki zuwa wancan. Wanda aka tsare aka ciyar yakan kai shekara 6. Na daji ba kasafai yake kai haka ba, domin masu nemansa suna da yawa: shaho da gaggafa daga sama, dila da kyanwar daji da tunku a ƙasa, maciji a cikin rami, ga kare ga mutum.

Ci da ajiya

Kurege ba mai zaɓen abinci ba ne. Yana cin 'ya'yan ciyawa, da saiwoyi, da 'ya'yan itacen da suka faɗo ƙasa, da ganye mai taushi. Yana cin ƙwari irin su gara da fara. In ya samu ƙwan tsuntsun da ke sheƙa a ƙasa, ko ɗan ƙaramin ƙadangare, ba ya bari. A gona kuwa gyaɗa ce kan gaba, sai masara, da rogo, da dankali, da doya. Yankin da guda ɗaya yake kiwo a cikinsa yakan kai hekta 12 a wurare masu ƙarancin ruwa. Ke nan kuregen da ya ci shukarka ba lalle ne a gonarka yake kwana ba.

Ɗabi'ar da ta fi jawo masa suna ita ce ajiya. In abinci ya yi yawa, ba ya tsayawa ya ci ya ƙoshi kawai. Yakan ɗauki ƙwaya a baki, ya yi nisa da inda ya same ta, ya tona ɗan rami ya binne, ya mayar da ƙasa, wani lokaci ya ja busasshen ganye ko ɗan dutse ya rufe. Ya koma ya ɗauko wata ya kai wani wuri dabam. Ba ya tara dukiyarsa a rumbu ɗaya. In wani ya gano ajiya ɗaya, ɗaya ɗin kawai ya ci. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya bi su yana tonowa, da taimakon tunawa da wurin da kuma hancinsa mai ƙarfi.

Wannan hanci da wannan tono su ne suke kai shi kan kunya bayan shuka. A wurinsa irin da manomi ya binne ajiya ce kawai da wani ya yi, kuma aka yi ta a jere, a zurfi ɗaya, tazara ɗaya. In ya gano gurbi biyu, sauran ba wuya.

Ba duk abin da ya binne yake komawa kansa ba. Wani ya manta, wani kuma shaho ya ɗauke mai ajiyar kafin rani. Abin da ya rage a ƙasa, in ruwa ya sauka, sai ya tsiro. A ƙasashen Turai da Amurka an tabbatar cewa kuregen itace yana cikin masu yaɗa manyan itatuwan dazukansu ta wannan hanya. Kafin a yanke masa hukuncin ɓarawo zalla, a sa wannan a ma'auni, a kuma haɗa da gara da farar da yake ci.

'Yan uwansa na nesa da na kusa

A dazukanmu masu itatuwa da yawa, musamman in aka yi kudu, akwai kuregen itace, wanda bai kai na rami girma ba. Wutsiyarsa doguwa ce mai zobba-zobba, kuma a kogon bishiya yake kwana. Irinsa suna da wata baiwa a ƙafar baya: idon sawun yana juyawa baya, faratan su kama ɓawon itace, shi ya sa suke saukowa daga bishiya kai a ƙasa ba su faɗo ba. A kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Gabon kuma akwai mafi ƙanƙantar kurege a duniya, wanda nauyinsa bai wuce gram 16 ko kusa da haka ba.

A hamadar Kalahari, can kudancin Afirka, akwai ɗan uwan namu na jini, mai farin zane kamarsa. Shi in rana ta yi zafi sai ya juya mata baya, ya ɗaga wutsiya bisa kansa kamar laima, ya ci gaba da kiwonsa. A Asiya da arewacin Turai da Amurka ta Arewa akwai masu shawagi. Ba fiffike gare su ba, wata fata ce ta haɗa ƙafar gaba da ta baya. In suka daka tsalle daga sama suka baza ta, sai iska ta ɗauke su zuwa wata bishiya. Su da dare suke fita.

Na Alaska, inda sanyi yake da tsanani ƙwarai, ya fi kowa abin mamaki. Yakan ci ya yi ƙiba, ya shige rami ya yi barcin wata 7 zuwa 8. A cikin wannan barci zafin jikinsa yakan sauka har ƙasa da inda ruwa yake zama ƙanƙara, kuma ya farka lafiya. Namu ba ya wannan barci. Rani da damina yana waje, ajiyarsa ce take fitar da shi.

Wani labari daga Ingila ya isa a yi tunani a kansa. A 1876 aka kai wani kurege mai ruwan toka daga Amurka ta Arewa aka saki don ƙawata lambu. Ya yaɗu, ya fi jan kuregen ƙasar girma da cin abinci, ga shi yana ɗauke da wata cuta da ba ta kashe shi amma tana kashe jan. Yau jan kurege ya ƙare a mafi yawan Ingila.

Tsare gona

Tunda kurege da rana yake aiki, kuma ɓarnarsa ta fi tsanani a lokuta biyu, ba sai an yi ta fama da shi duk shekara ba. Lokaci na farko daga ranar shuka ne zuwa sa'ad da tsiro ya fito ya yi ƙarfi. Na biyu daga sa'ad da gyaɗa ta nuna zuwa ranar da aka kwashe ta. A waɗannan kwanaki, mutum ko kare a gona da hantsi da la'asar ya fi kowace dabara. Mutum-mutumi yana aiki kwana kaɗan ne, daga nan ya saba da shi, sai fa in ana sauya masa wuri.

Kurege ba ya son yin nisa da mafaka, shi ya sa ɓarna ta fi yawa a gefen gona, kusa da suri da tarin duwatsu da sarƙaƙiya. A share waɗannan wurare kafin shuka, a duba ramukan da ke da sabuwar ƙasa a baki, a ɗana tarko a nan maimakon a warwatsa shi ko'ina. Gyaɗar da aka cire kada a bar ta a baje kwana da kwanaki ba mai dubawa. In maƙwabta suka yi shuka lokaci ɗaya, ɓarnar takan rarrabu, ba ta taru a kan mutum ɗaya ba. Wanda ya riga kowa, ko ya makara shi kaɗai, shi yake ciyar da kuregen unguwa duka.

Abubuwa biyu da aka saba yi ba su da riba. Na ɗaya guba. Hatsin da aka cuɗa da magani aka watsa ba ya tambayar sunan mai ci: kaji da zabi da kurciya sukan riga kurege, karen da ya ci mushen shi ma ya tafi, haka shahon da yake rage mana su kyauta. Na biyu cinna wa daji wuta don farauta. Wutar ciyawa wucewa take yi ta sama, wanda ake nema yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da yake ƙonewa shi ne abincin dabbobi, da kara, da harawa, da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin da ba a kwashe ba. A ƙona kiwon gari guda saboda naman da bai kai kilo ɗaya ba, wannan ba farauta ba ce.

Cizo da cuta

Haƙorin da yake huda ƙwallo ba zai ji wuyar yatsa ba. Kurege ba shi da dafi irin na maciji, amma cizonsa yana da zurfi, kuma ƙwayoyin cuta na bakinsa suna iya sa wurin ya kumbura ya yi ruwa, har zazzaɓi ya biyo baya. A wanke da ruwa da sabulu nan take, a je asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Masu farauta da masu fiɗa su ƙara kula. A 1985 aka samu ƙwayar cutar ƙyandar biri a jikin wani kuregen itace na kurmi a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 2003 kuma cutar ta ɓulla a Amurka, karon farko da ta kama mutane a wajen Afirka, bayan an kai wasu ƙananan dabbobin daji daga Gana, ciki har da burgu da kuregen kurmi. Suka shafa wa wani ɗan uwan kurege na can da ake kiwo a gida don sha'awa, shi kuma ya shafa wa mutane. Don haka dabbar da aka tsinta a mace, ko aka gan ta lakwas ba ta gudu, ko mai ƙuraje a jiki, ba ta ci ba ce, ba ta taɓawa ba ce. Wadda aka kama lafiyayya kuma a wanke hannu bayan fiɗa, a dafa naman ya dahu sosai.

Aiki

Ku tattauna a aji: manomi ya zo gona da asuba ya tarar an tone masa rogo cikin dare. Me ya sa ba za a ɗora wa kurege laifin ba, kuma waɗanne dabbobi za a fi zargi?

Kowa ya zana ramin kurege a littafinsa, ya nuna ƙofa da ɗakin kwana da hanyoyin tsira, ya rubuta sunan kowanne a gefensa.

Ku rubuta jimla biyar a kan yadda ake tsare shuka daga kurege a garinku, ku faɗi wace hanya ce kuka ga ta fi aiki.

Lissafi: idan kuregen rami ya yi nauyin gram 800, ƙaramin na kurmi kuma gram 16, ƙanana nawa za a ɗora a sikeli kafin su yi daidai da babban?